Hayaƙi a Jinin Gwaggo

Ƙarfe bakwai na safe Yaya yake tayar da injin. Ja ɗaya, ja biyu, a na uku ya kama, gidan gaba ɗaya ya ɗauki rawa, har cokulan da ke cikin kwando su riƙa kaɗawa. Ba zai kashe ba sai an kawo wuta, wutar kuwa a unguwarmu sai rana ta faɗi take leƙowa. Ni dai tun da janaretan nan ya shigo gidan ban ƙara zama wuri ɗaya na minti goma ba. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in shiga ɗaki in fito, in leƙa Gwaggo in dawo, sai ka ce wadda ta manta abin da take nema.

Yaya wan mijina ne, shi ne babba a gidan. A unguwa Mai Ƙanƙara ake ce masa, don firiza huɗu gare shi a shagon da ya fitar a ƙofar gida, masu ruwan sanyi da masu lemo suna yi masa layi. Mijina direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba. Gwaggo kuma yayar mahaifinsu ce, ita ta goye su su biyu bayan rasuwar uwarsu, ba ta da nata.

Tsakanin ɗakin Gwaggo da katangar maƙwabta akwai wani ɗan lungu, faɗinsa bai fi mutum ya miƙa hannu ɗaya ba. Nan Yaya ya cusa injin. Ya sa aka rufe sama da kwano saboda ruwa, aka sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo saboda ɓarayi. To, hayaƙin da aka hana sama, aka hana ƙofa, ina zai bi? Tagar Gwaggo ce kaɗai ke buɗewa cikin lungun, bakin salansar injin kuma, inda hayaƙi ke fita, ita yake kallo.

Gwaggo ba ta fita, gwiwa ta hana ta. Wuni take yi a bakin gadonta da kwarashi da ƙullin zare, tana saƙa kayan jarirai, hula da safa da 'yar riga. Mata masu ciki har daga wasu unguwanni suke zuwa. Kallon cikin mace kawai za ta yi ta ce wannan hular tasa sai an ƙara mata layi biyu, kan ubansa zai ɗauko, a yi ta dariya. Ba ta taɓa rubuta komai ba, duk lissafin saƙar a kanta yake.

Sati biyu da kawo injin ta fara ciwon kai. Da safe lafiyarta ƙalau, ta sha shayinta ta yi ta tsokanata. Rana na yin tsaka sai ka ga ta dafe goshi, zuciyarta na tashi, tana gyangyaɗi da kwarashi a hannu. Yaya ya ce hawan jini ne, ya sayo ƙwaya. Matarsa ta ce saƙar ce ta yi yawa, ido ya gaji, aka sayo tabarau. Da duka biyun suka ƙi aiki sai aka ce tsufa ne, shi kuwa ba a sayo masa komai.

Ni na lura da wani abu. In na zauna wajenta rabin awa, sai in ji gefen kaina yana sara, in na fito tsakar gida na sha iska ya sake ni. Na samu Yaya a shago, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗa masa. Ya tambaye ni yaushe na zama likita bai sani ba. Ya ja ni har lungun, ya buɗe ƙofa, ya ce in duba da idona ko na ga wani baƙin hayaƙi, sabon inji ne fil, ba irin gwangwanin maƙwabta ba. Gaskiya ban ga komai ba. Matarsa kuma tana daga bakin famfo tana cewa garin nan kowa da janareta yake kwana yake tashi, ba a ji wanda ya mutu ba sai a gidanmu za a fara.

Wata Talata da rana na shiga kai mata ruwa, na tarar ƙullin zaren ya gangara ƙarƙashin gado, ita kuma ta zame gefe, ta yi amai a zaninta. Na kira ta, ta buɗe ido ta kasa haɗa magana. Yaya ba ya nan. Allah ya taimaka maƙwabcinmu mai tasi ya dawo cin abinci, muka ciccibe ta yadda take, ko ɗankwali ban tsaya ɗaura mata ba. Minti ashirin bai cika ba muna asibiti.

Likitar wata 'yar gajeriyar mata ce mai saurin magana. Ba ta tambayi shekarun Gwaggo ba ma, cewa ta yi me ake kunnawa a gidan, gawayi ko janareta? Nan take ta sa aka ɗebi jini, aka ɗora wa Gwaggo abin shaƙar iska a hanci. Da sakamakon ya fito ta kira ni gefe ta yi min bayani dalla-dalla. Ta ce a hayaƙin inji akwai wata iska da ba ta da launi ba ta da wari, ita ce mugun. In mutum ya shaƙe ta sai ta shiga jini ta kama mazaunin iskar da jiki yake rayuwa da ita, ƙwaƙwalwa da zuciya su zauna da yunwa. Ta nuna min lamba a takarda, ashirin da biyu cikin ɗari. Ta ce wanda ba ya shan taba bai kamata nasa ya wuce uku ba.

Sai ta ƙara da cewa mun yi sa'a da muka kawo ta kai tsaye daga ɗakin. Abin ba ya daɗewa a jini. In mutum ya fita ya sha iska mai kyau, cikin awa biyar ko shida rabi ya tafi, kafin kwana ɗaya in aka gwada ba za a ga komai ba. Amma ɓarnar da ya yi wa ƙwaƙwalwa, in aka yi ta maimaitawa, ita ba ta fita. Kafin yamma Gwaggo ta tashi zaune tana tambayar ina saƙarta.

Na dawo gida da takardar a hannu. A tsakar gida na tarar da Yaya da matarsa, na zazzage musu duk abin da likita ta ce, ban rage ko kalma ɗaya ba. Har da maganar awoyin nan na faɗa, don in nuna musu cewa Allah ne ya tona asiri, da an yi jinkiri da ba a gani ba. Yaya ya sunkuyar da kai.

Ya ce, “Awa nawa ta ce?”

Na ce, “Ta ce kafin kwana ɗaya ya fita tas.”

Wallahi na ɗauka jikinsa ne ya yi sanyi. Har tausayinsa na ji.

Kwana biyu da sallamo Gwaggo, Baffa ya zo. Ƙanenta ne, shi kaɗai ya rage a manyan gidan, mutum ne da ba ya son hayaniya ko ta minti ɗaya. Yaya ya yi magana cikin ladabi, kansa a ƙasa. Ya ce Gwaggo uwa ce, ba zai so ko ƙuda ya taɓa ta ba, amma awo ɗaya ne, a ƙaramin asibiti, na'ura kuma tana kuskure. A sake a babban ɗakin awo na cikin gari ranar Litinin, shi da kansa zai kai ta. In an ga abin, ranar zai fitar da injin. Fitarwar ce ba wasa ba, in ji shi, sai an ƙera keji a bayan gida, an ja doguwar waya, aikin sati guda ne ko fi, ƙanƙara kuma ba ta jira. Baffa ya ce wannan magana ta yi daidai. Gwaggo ta ce a ƙyale yaro da sana'arsa.

Kafin Litinin ɗin na riƙa tallabo ta da safe in shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakina. Kwana biyu ta yi ta ce ta gaji. Rana na dukanta, gwiwa ba ta son ƙasa, cikin ɗakina kuma ta ce ba za ta shiga ta zauna wa ɗanta a ɗakin aurensa ba. Ga matar Yaya tana wucewa tana yada magana, wai an samu mai raba uwa da ɗa. Gwaggo ta ɗauki zarenta ta koma.

Ranar Lahadi da hantsi sai na ji gidan ya yi tsit. Injin ya mutu. Yaya ya ce mai gyara ne zai zo ya canza baƙin mai ya wanke shi, ƙanƙarar kuma ya kwashe ya kai firizar wani abokinsa. Ni shashasha har hamdala na yi. Ranar na zauna na tsefe kaina, na ji kukan tsuntsu a gidanmu karo na farko cikin wata biyu. Da safiyar Litinin ni na yi wa Gwaggo wanka, ni na shafa mata mai, ni na fito da kujera na zaunar da ita a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida ta sha iska, don kada a kai ta babban wuri a yamutse. Ta sha shayi kofi biyu, ta ƙarasa wata hula mai ruwan ɗorawa, tana ce min in shirya don ta ga alamar nan gaba ni za ta saƙa wa. Sai da rana ta take Yaya ya fito da mota.

Sakamakon ya ce biyu cikin ɗari.

Yaya ya kai wa Baffa takardar har gida, ya nuna wa mai tasi, ya nuna wa masu layin ƙanƙara. Baffa ya bugo waya ya ce to alhamdulillahi, magana ta ƙare, kowa ya kama bakinsa. Ina tsaye a bakin famfo da la'asar na ji ja ɗaya, ja biyu, gidan ya ɗauki rawa. Sai a lokacin na tuna ban ga wani mai gyara ya shigo ba, ba jiya ba, ba yau ba. Na leƙa lungun, ko ɗigon baƙin mai babu a ƙasa. Bokitin da ke hannuna na ajiye don kada ya faɗi. Ni na ba shi dabarar da bakina, ni kuma na zaunar da ita a iska da hannuna.

Washegari na koma wajen likitar da takarda ta biyu. Ta duba, ta tambaye ni yaushe aka kashe injin kafin awon, na faɗa mata. Ta cire tabarau ta murza ido, ta ce ko ni aka gwada haka za a samu. Ta rubuta wasiƙa da hannunta ta ce in kai wa mai gidan. Yaya ya karanta a tsaye, ya ce ai dole ta kare kuskurenta, ya ninke ta ya goge gumin da ke kan firiza da ita. Na kira mijina, yana can wata ƙasa yana jiran a sauke kaya, ya ce in yi haƙuri sai ya dawo, Yaya ne fa. Baffa kuwa da ya ga lambata sai wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

Sai kuma Yaya ya sayo wani ɗan abu a kantin magani, irin wanda ake maƙala wa mutum a yatsa ya nuna lambar iskar da ke jini. Kullum da safe, kafin ya tayar da inji, zai shiga ya gaishe da Gwaggo, ya maƙala mata, ya fito yana ɗaga shi sama kowa ya gani, casa'in da takwas. Na riga na tambayi likita, ta ce abin nan ba ya bambanta iska mai kyau da ta hayaƙi a jini, ko mutum na gab da suma zai nuna lafiya lau. Na faɗa. Matar Yaya ta ce oh, yanzu kuma na'ura biyu ne maƙaryata, ni kaɗai ce mai gaskiya a duniya.

Gwaggo ta fara ɓatar da lissafi. Ta saƙa safa, ɗaya ta jariri, ɗaya ta shiga ƙafar ɗan shekara uku. Ta warware ta sake, ta warware ta sake, zaren har ya yi laushi. Wata mai ciki ta zo karɓar riga, Gwaggo ta gaishe ta kamar ba ta taɓa ganinta ba, matar ta fita tana waiwaye. Daga nan suka rage zuwa. Wata rana na tarar ta zuba shayi a kwanon zare tana neman cokali. Aka ce ruɗewar tsufa ce, haka wance ta yi, haka wane ya yi.

Ba abin da ban gwada ba. Na toshe tagar da tsummoki da kwali, zafi ya nemi kashe ta, hayaƙin kuma ya bi ta sama, don bangon bai kai rufi ba. Na sayo fanka, ta riƙa juya iskar a wuri ɗaya. Wata rana Yaya ya manta mabuɗi a jikin kwaɗo ya tafi kai kaya, na shiga na kashe injin, na tsaya a lungun ina haki. Awa uku ya yi a kashe. Da ya dawo ya tarar ƙanƙara ta fara zuba, bai ɗaga murya ba, ya ce in na ƙara taɓa masa inji in haɗa kayana kafin ƙanensa ya dawo.

Ranar Gwaggo ta aika a kira ni. Ta kama hannuna, tafinta da sanyi duk zafin nan.

Ta ce, “Ki daina. Na san hayaƙin ne, tun ran farko na sani.”

Na ce, “To Gwaggo ki faɗa mana. Ke in kin faɗa, Baffa zai ji.”

Ta ce, “In na faɗa da bakina, na ce ɗan da na goya yana kashe ni ke nan. Ina zan kai wannan? Ki bar ni in ce kaina ne.”

Na yi kuka, na ji haushinta, na ji haushin kaina ya fi. Na fito na rasa inda zan sa raina, na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Ranar da abin ya faru an yi zafin da ko kaza ba ta yawo. Masu ƙanƙara sun yi layi har titi, Yaya ya haɗa firiza ta biyar, injin yana gurnani kamar zai tsage. Na fita kasuwa, awa ɗaya na ce zan yi, mota ta tsaya a hanya na yi biyu. Da na dawo ban ajiye leda ba na nufi ɗakinta. Tana ƙasa, tsakanin gado da ƙofa, ta yi rarrafe ta kusa kaiwa. Matar Yaya tana ɗakinta da rediyo, ta ce ita ba ta ji komai ba, da ƙarar injin nan wa zai ji.

A asibiti awon ya ce talatin da huɗu cikin ɗari. Likitar takardar kawai ta miƙo min. Kwana tara Gwaggo ta yi a asibiti. Ta farka, tana ci, tana sha, tana gane fuskata amma ba ta san ko ni wace ce a wajenta ba. Na kai mata kwarashinta da zare mai ruwan ɗorawa don in faranta mata. Ta karɓa, ta juya shi, ta duba ƙugiyar, ta tambaye ni na mene ne.

Yaya ya zo dubiya kullum da lemo a leda. Ya gaya wa masu jinya na gadon kusa cewa tsufa ne ya taɓa mata kai, Allah dai ya sa mu gama lafiya. Da na nuna wa Baffa takarda ta uku, ya ce ba yanzu ne lokacin tone-tone ba, zai tafi da ita gidansa ta samu canjin iska. Canjin iska! Wata uku ina roƙon abin da ya faɗa cikin kalma biyu, sai da babu sauran wadda za ta amfana.

Sati biyu da tafiyarta Yaya ya sa aka fitar da gadon Gwaggo. Aka share ɗakin, aka shafe bango da farar ƙasa, aka baza dusar katako a ƙasa. 'Yan tsaki zai zuba, ɗari biyu, sabuwar sana'a. Ana gobe za a kawo su na ji ana buga ƙarfe a bayan gida. Na zagaya, na tarar mai walda yana haɗa keji, mai gyaran wuta yana jan waya ta kan katanga. Kafin la'asar sun gama, mutum huɗu suka ɗauki injin suka fitar da shi daga lungun. Aikin da aka ce na sati guda ne bai cinye wuni ɗaya ba.

Yaya yana tsugune yana gwada kwaɗon kejin. Na ce, “Yaya, yau an fitar da inji?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Mai kajin ya ce ba sa jure hayaƙi. Wuni ɗaya, ya ce, zai kwantar da su duka.”

Na tsaya ina jira ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Mai walda ma ya dakata da haɗa kayansa. Yaya ya murɗa mabuɗi, ya ja kwaɗon ya ga ya kama, ya miƙe ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya tambayi mai wuta ko wayar za ta ɗauki firiza biyar.

Takardun nan uku suna ƙasan akwatina. Mijina ya dawo ya karanta su, ya ce Allah ya isa amma kada in bari Yaya ya ji. Ba wanda ya yi wa Gwaggo ƙarya a ɗakin awo, jininta ya faɗi abin da ke cikinsa duk sau ukun. Mu ne muka san ranar da za mu kai shi a tambaye shi. Na ce mu, don ni na yi mata wankan.

Duk Asabar ina zuwa gidan Baffa. Tana zaune a inuwa, hannuwanta a cinya, yatsun suna motsi su kaɗai ba zare. Ba ta san sunana ba, ba ta san ranar da ake ciki ba. Abu ɗaya take tambayata, kuma ba ta taɓa mantawa ba: wai yaron nan ya ci abinci kuwa, ya cika aiki ba ya kula da kansa. Yaya take nufi. In ce mata ya ci, Gwaggo.

In na dawo gida ta gaban ɗakinta nake wucewa. An cire tsummokina daga tagar, an buɗe ta duka, iska na shiga tana fita. Kajin sun yi wata guda yanzu, sun fara fiffike. Ko ɗaya ba ta mutu ba.